Sojan da ake auna wa tumbi da tef, wa zai biya masa allurar rage ƙiba?

Akwai wani bidiyo da yayi ta yawo a guruf-guruf na WhatsApp, na ministan tsaron Amurka Pete Hegseth, ranar 30 ga Satumban 2025 da ya tara ɗaruruwan janar-janar da manyan hafsoshin ruwa a barikin Quantico, ya faɗa musu ido da ido cewa ya gaji da ganin sojoji masu teɓa a layi, kuma bazai lamunci ganin janar mai tumbi yana yawo a cikin Pentagon, hedikwatar ma'aikatar tsaro, ba. Ya ce daga yanzu kowa za a riƙa auna shi sau biyu a shekara, babba da yaro. Mutanenmu anata dariya ana yaba masa, wasu har suna cewa ina ma a zo a yi wa namu haka.

Ni kam ban yi dariya ba, saboda wata ɗaya kacal kafin wannan jawabin, ranar 31 ga Agusta, ita wannan ma'aikatar tsaron ta daina biya wa tsofaffin sojojinta da suka kai shekara 65 kuɗin maganin rage ƙiba. Wannan labarin babu wanda ya turo shi guruf.

Matsayata a fili take: duk hukumar da ta mayar da ƙugun mutum sharaɗin aiki, tana auna shi, tana hana shi ƙarin girma saboda shi, tana iya korar shi saboda shi, to wajibi ne a kanta ta biya masa maganin da likita ya ce yana buƙata. Kuma nauyin nan baya sauka daga kanta ranar da mutumin ya cire kaki ya tsufa.

Yadda abin yake a taƙaice

Sojan Amurka da iyalinsa suna ƙarƙashin wata inshorar lafiya da ake kira TRICARE, mutum wajen miliyan 9 da rabi ne a ciki idan aka haɗa da mata da yara da 'yan fansho. Magungunan da ake ta hayaniya a kansu kuma allurai ne da ake yi sau ɗaya a sati, Wegovy na kamfanin Novo Nordisk dake Denmak wanda aka amince da shi a 2021, da Zepbound na kamfanin Eli Lilly da ya biyo baya a ƙarshen 2023. Asalinsu maganin ciwon suga ne, wanda ya san Ozempic da Mounjaro to su ne dai aka sake wa suna da awo. Aikinsu shine su kwaikwayi wani sinadari da hanji ke saki bayan mutum ya ci abinci, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, sai yunwa ta ragu, abinci kuma ya daɗe a ciki.

Sojan dake bakin aiki har yanzu ana biya masa, amma fa sai ya bi ta wata doguwar hanya. Sai ma'aunin BMI ɗinsa, wato lissafin nauyi da tsayin mutum, ya kai 30, ko 27 idan yana da wata cuta kamar hawan jini, sai an nuna ya yi watanni yana fama da gyaran abinci da motsa jiki abin bai yi ba, sai an fara gwada masa tsofaffin ƙwayoyi masu araha irin su phentermine, sannan likita ya cike takarda a jira izini. Shi kuwa tsohon sojan da ya koma tsarin TRICARE For Life, wato na 'yan 65 zuwa sama, an rufe masa ƙofar gaba ɗaya, sai dai in ciwon suga gare shi.

"Soja ai horo ne, ya je ya yi gudu"

Wannan ce magana ta farko da kowa ke faɗa, kuma na fahimci daga ina take fitowa. A tunaninmu soja shine mutumin da yafi kowa iya juriya, to in har shi ma sai an yi masa allura kafin ya rage cin abinci, me ya rage kenan?

To amma mu kalli alƙaluman. Wata cibiyar bincike mai suna American Security Project ta fitar da rahoto a 2023 cewa kashi 68 cikin ɗari na sojojin dake bakin aiki nauyinsu ya wuce ƙa'ida, kuma masu ƙiba ta sosai sun tashi daga kusan kashi 10 a 2012 zuwa sama da kashi 21 a 2022. Shekara goma, abin ya ninka. Waɗannan fa mutane ne da ake tayarwa da asuba a fita gudu dole, ana musu gwajin ƙarfi, ana auna su, ana musu barazanar kora. Duk wani matsin da mai cewa "ya je ya yi gudu" yake tunani an riga an yi musu shi shekara da shekaru, amma adadin sai hauhawa yake. In tsawa da kunyatarwa na rage ƙiba da tuni barikokin Amurka sun gama da matsalar.

Kuma matsin ba na wasa bane. A rundunar ƙasa, in tef ya nuna kitsenka ya wuce, sai a saka ka a wani shiri na musamman a ɗora maka alama a fayil, babu ƙarin girma, babu zuwa kwas, kuma ana so duk wata ka zubar da fam 3 zuwa 8, wato kamar kilo ɗaya da rabi zuwa uku da rabi, in ka kasa a jere sai a fara shirin sallamarka. Mutum ne da mata da yara, gidan da yake ciki da asibitin da yaransa ke zuwa duk sun rataya a kan wannan aikin. Shi yasa ake ta samun rahoton abubuwan da suke yi in ranar awo ta matso: wani ya daina cin abinci kwana da kwanaki, wani ya sha maganin wankin ciki, wani maganin sa fitsari don ruwan jikinsa ya ƙone, wani ya naɗe ciki da leda ya shiga ɗakin zafi yayi ta gumi, wasu ma har tiyatar zuƙe kitse suke biya da kuɗinsu. Wallahi ni abin da ya kamata ya ba kwamanda kunya kenan, yaransa na cutar da ƙodarsu a ɓoye don su tsallake tef. Allurar da likita ya rubuta kuma yake bibiya tafi wannan tsafta nesa ba kusa ba.

Sannan ita ƙibar, daga ina take zuwa? Yaro ya shiga soja yana 18 siriri, bayan shekara takwas gwiwa ta lalace saboda ɗaukar kaya masu nauyi da tsalle-tsalle, baya ya riƙe, barci babu saboda aikin dare da gadi, wani yana shan maganin damuwa bayan ya dawo daga fagen daga kuma wasu daga cikin magungunan nan suna sa ƙiba. Aikin ne da kansa ya taimaka wajen kawo ciwon. Kungiyar likitocin Amurka tun 2013 ta ayyana ƙiba a matsayin cuta, kuma babu wanda yake cewa sojan dake da hawan jini yaje ya nuna jarumta ya sauke shi da ƙarfin zuciya, maganinsa ake bashi ya koma bakin aiki.

Maganar kuɗi

Wannan ce hujjar da tafi nauyi kuma bazan raina ta ba. A 2025 farashin Wegovy a takarda ya kai dala 1,349 a wata, Zepbound sama da dala 1,000. Ka ninka wannan da wata 12, ka ninka da dubban ɗaruruwan mutanen da suka cancanta, kuɗi ne da zai girgiza kowane asusu. Kamfanonin inshora masu zaman kansu da wasu jihohi a Amurka sun fara biya suka ja da baya saboda haka.

Amma akwai abu biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko, tsadar nan ba daga sama ta faɗo ba. A zaman da kwamitin Sanata Bernie Sanders yayi da shugaban Novo Nordisk a 2024 an nuna cewa Wegovy ɗin da ake sayarwa dala 1,349 a Amurka, a Ingila bai kai dala 100 ba. Akwai kuma binciken da ya fito a shekarar da ya ƙiyasta cewa ana iya haɗa irin wannan maganin na wata guda a ƙasa da dala 5. Kamfanonin da kansu a 2025 suka fara sayarwa kai tsaye ga mai biya daga aljihu a wajen dala 499, sannan a Nuwamban shekarar fadar White House ta sanar da yarjejeniyar da ta sauko da farashin zuwa wajen dala 245 ga shirin Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi. Kenan farashin abin ciniki ne. Ma'aikatar da kasafinta ya haura dala biliyan 800 a shekara, mai mutum miliyan 9 da rabi a hannu, in ta zauna teburin ciniki ba ƙaramin mai saye bace. Sai ta zaɓi ta cire tsoho daga layi, don shi tsohon bashi da bakin ja.

Na biyu, rashin biyan ma biya ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce ma'aikatar tsaro na kashe kusan dala biliyan 1.5 duk shekara a kan cututtukan da ƙiba ke jawowa ga sojoji na yanzu da na da da iyalansu. Suga, hawan jini, ciwon zuciya, canjin gwiwa, wankin ƙoda, duk dai asusun gwamnati ne zai ɗauka daga baya. Babban gwajin da aka yi wa maganin a kan masu ciwon zuciya da ƙiba ya nuna ya rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20 cikin ɗari, shi yasa a Maris 2024 aka amince a riƙa bada Wegovy don kare zuciya. To tsarin da zai ce maka bazan biya ba sai suga ya kama ka tukuna, in ya kama ka kuma zan biya maka maganin nan dai da wani suna, wannan wane irin lissafi ne?

Ga kuma batun ɗaukar sababbi. Binciken Pentagon na 2020 ya nuna kashi 77 cikin ɗari na matasan Amurka 'yan 17 zuwa 24 basu cancanci shiga soja ba sai an musu sassauci, kuma ƙiba na sahun gaba a dalilan. A 2022 rundunar ƙasa ta nemi mutum 60,000 ta rasa 15,000 daga ciki, har sai da ta buɗe wani sansanin share fage a Fort Jackson inda ake ɗaukar matasa a rage musu kitse kafin su fara horo. Wato a ƙofar shiga ana kashe kuɗi a rage wa wanda bai taɓa riƙe bindiga ba ƙiba, a ƙofar fita kuma ana korar saje mai shekara goma da ya iya gyaran jirgi ko na'urar sadarwa saboda inci biyu a ƙugu. Maye gurbin irin wannan mutumin shekaru yake ɗauka.

Inda masu shakka suke da gaskiya

Maganin nan ba ruwan zamzam bane, kuma duk wanda ya ce maka bashi da matsala yaudararka yake. Tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida, musamman a watannin farko, wasu kuma matsalar maɗaciya. Yana son firij, in an fitar da shi 'yan makonni kawai yake yi. Sojan da aka tura daji ko sahara ko cikin jirgin ƙarƙashin ruwa na wata shida, ya za a yi da allurarsa? Kuma nauyin da ke zubewa ba kitse ne zalla ba, har da tsoka, ita kuwa tsoka ita ce jarin soja.

Mafi girma a ciki shine in ka daina ƙibar na dawowa. A gwajin Wegovy mutane sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a sati 68, na Zepbound ya kai wajen kashi 20, amma da aka bi waɗanda suka daina Wegovy bayan shekara ɗaya sai aka tarar kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar ya dawo.

Duk na yarda. Amma duk waɗannan dalilai ne na a bada maganin ta hannun likitan soja, wanda ya san yaushe za a tura mutum, wanda zai haɗa shi da mai kula da abinci da mai horar da ɗaga ƙarfe don tsokar ta tsaya, wanda zai ce wa matuƙin jirgi kai dakata tukuna. Sojan da aka wahalar da takardu ko yake tsoron kwamanda ya ji, ba haƙura zai yi ba, intanet zai shiga ya saya a ɓoye, kuma hukumar lafiya ta duniya tun Yunin 2024 ta yi gargaɗi a kan jabun wannan allurar da aka kama a Amurka da Ingila da Burazil. Gara rundunar ta san abin da ke jikin mutanenta.

Wani wurin da nake tare da masu shakka ɗari bisa ɗari shine kada allura ta zama hanyar gudun gyara kicin. Ana cire wa ƙaramin soja dake kwana a bariki kuɗin abinci daga albashinsa, wajen dala 460 a wata a 2024, amma an sha kawo rahoton ɗakunan cin abinci a rufe, ko a buɗe babu abin kirki, ga shagunan boga da soyayyen dankali a cikin barikin a buɗe har dare. Wani binciken cibiyar RAND ma ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sojojin suna fama da ƙarancin abinci mai kyau a gidajensu, kuma talaka in kuɗi ya yi kaɗan abin da ke cika ciki da araha yake saye. Wanda ya tashi aiki ƙarfe goma na dare ya tarar mes a kulle, me kake so ya ci? A gyara wannan, a kuma bada maganin, ɗaya baya hana ɗaya.

Tsofaffin

Nan ne abin yafi ci min rai. Mutum ya yi shekara 20 ko 30 yana aiki, ya yi ritaya yana ɗan arba'in da wani abu, yana cikin TRICARE Prime ko Select, tsare-tsaren waɗanda basu kai 65 ba, ana biya masa allurar, ya rage kilo 20, gwiwar da ta hana shi sallah a tsaye ko hawa bene ta sassauta, hawan jinin ya sauka, na'urar numfashin da yake kwana da ita ma wataƙila ya ajiye. Ranar da ya cika 65 sai a mayar da shi TRICARE For Life, wanda kuma sai yana biyan kuɗin Medicare sashen B, na ganin likita, kafin ya samu, dala 185 duk wata a 2025, sannan a ce masa maganin nan daga yau kai zaka saya. Jikin nan dai ne, ciwon nan dai ne, ranar haihuwa ce kawai ta zagayo. Kuma mun riga mun ga abin da ke faruwa in an daina, nauyin zai dawo da duk kayan da yake tafe dasu, a shekarun da jiki yafi rauni. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Hukumar lafiyar sojan ta ce ba laifinta bane, doka ce. Dokar tsaro ta 2017 da ta buɗe ƙofar biyan maganin ƙiba ta ambaci Prime da Select ne kawai, shi kuma Medicare tun dokar 2003 an hana shi biyan maganin rage nauyi, a zamanin da ake kallon abin kamar kwalliya kuma magungunan lokacin basu da wani tasiri sosai. To na ji. Amma shekaru ana biya wa waɗannan tsofaffin kafin a ce an gano doka bata yarda ba, likitocin tsarin ne suka rubuta musu, tsarin ne ya bada izini. Wanda ya ɗora mutum a kan maganin da aka san ba a son yanke shi, bai kamata ya yanke masa da wasiƙar 'yan makonni ba. Kuma ita dokar tsaron duk shekara majalisa ke sake rubuta ta, shafi sama da dubu, ana cusa sayen jirage da sunayen barikoki a ciki, layi ɗaya da zai ƙara TRICARE For Life a jerin ba abin da zai gagara bane in da niyya.

Wani zai ce to shi tsoho ai ba yaƙi zai je ba, me ƙasa zata samu? Ni wannan tambayar ita ke bani tsoro. Alƙawarin kula da lafiya har ƙarshen rayuwa yana cikin abin da ake jawo yaro ɗan 18 da shi ya sa hannu, kuma yawancin masu shiga soja a Amurka suna da wani a dangi da ya yi aikin. Jikan da ya ga kakansa na ƙirga kuɗin fansho yana tunanin ko ya sayi allurar wannan watan ko ya bari, shi ne wanda mai ɗaukar soja zai je ya tsaya a gabansa a makaranta gobe. Mu da muka sha ganin tsofaffin sojojinmu sun shimfiɗa tabarma a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu, mun san yadda wannan kallon yake kashe wa matasa gwiwa.

Abin da nake so in gani ba mai yawa bane. Waɗanda aka riga aka ɗora a kan maganin kafin 31 ga Agustan 2025 a mayar musu, majalisa ta gyara layin nan na doka, Pentagon ta yi cinikin farashi da kamfanonin biyu kamar yadda aka yi wa Medicare. Shi kuma sojan dake bakin aiki, ranar da tef ya kama shi aka ɗora masa alama a fayil, a ranar ya kamata a bashi takardar ganin likita, likitan ya duba ko matsalar ta abinci ce ko ta barci ko ta wani maganin da yake sha ko kuma allurar yake buƙata, kuma watannin da yake jiran izinin inshora kada a lissafa masa su cikin watannin da ake ƙirgawa kafin a sallame shi.